Cajar Fankar da Ya Ba Ni

Ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyu. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min cewa in dai miji ya samu, aiki ai tarkace ne. Na gode 'yar'uwa, Mamata ma haka ta ce, ta kuma fi ki iya faɗa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce budurwar nan mai gyaran intanet. Kamfaninmu yana ja wa gidaje da shaguna layi, idan ya lalace ni da ire-irena ake turawa da jaka a kafaɗa. Kan tsani, cikin silin, ƙarƙashin teburin mutane, babu inda ban cusa kaina ba. Ina son aikin nan kamar raina. Amma ranar da zan ba ku labarinta, na tashi ne da niyyar ajiye shi.

Dalili kuwa shi ne Ba-Matsala. Ƙawayena ne suka raɗa masa sunan, don duk abin da ka kawo masa, kafin ka rufe baki ya ce ba matsala. Mutum ne mai tsafta da ƙamshi, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Tun farkon zuwansa wurina na gindaya masa sharaɗi ɗaya, na ce aikina yana nan, aure ko ba aure. Ya ce ba matsala. Sai da magana ta yi nisa, har manyansa suka sa ranar zuwa wurin Baba, sannan matsalar ta leƙo kai. Wai Hajiyarsa ce. Wai mutuniyar da ce, ba za ta iya jin an ce surukarta tana hawa tsani a gidajen mutane ba. Shi kam ba ruwansa, in ji shi, amma uwa uwa ce, yana nan yana lallaɓa ta. Ya yi ta lallaɓawa har ni na gaji da jiran sakamakon.

Da safen ina zaune a bakin gado ina ɗaure igiyar takalmi Mama ta shigo. Ta dubi doguwar rigata baƙa, ta dubi wandon da ke ƙasanta, ta dubi rigar kamfani mai ruwan ɗorawa da na ɗora a kai, ta girgiza kai.

"Yau ma takalmin maza?"

"Mama, shi ne ba ya santsi."

"Ke ce dai ba kya santsi. Magana ba ta zama a kanki, ba ta kuma wucewa." Ta zauna kan kujerar madubi tana ƙare wa ɗakin kallo. "Dubi ɗakin budurwa don Allah. Wayoyi ko'ina kamar saƙar gizo. Ko fankar da bawan Allah ya kawo miki ba ki bar ta ta huta ba, kin haɗa ta da tarkacen kamfaninku."

Na waiga na dubi fankar. 'Yar ƙarama ce fara mai caji, da hoton ganye a goshinta. Ya kawo min ita lokacin da na yi masa kukan zafi, har yana cika baki wai sai da ya cika ta da caji kafin ya taho. Gaskiyar Mama ce, cajar da ke jikinta da tambarin kamfaninmu. Tun ranar da na buɗe kwalin na lura, na ɗauka ni ce na cakuɗa ta da nawa, don irinsu sun fi goma a ɗakin. Tunda fanka tana juyawa ban bi ta kai ba.

"Ƙannenki biyu suna ɗakunansu," Mama ta ci gaba. "Ke kina nan kina auren jaka. In uwar miji ta ce ba ta son abu, ai ba a ja da ita tun kafin a shiga gidan. Ki ajiye aikin nan ki huta, mu ma mu huta."

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Barka da safiya sarauniyata. Kin yi wa ogan naku magana? Jiya ma Hajiya ta sake tada zancen. Wallahi na rasa bakin kare ki."

Ya bi da hoton zuciya har uku. Na daɗe ina kallon saƙon. Ba haushi na ji ba, gajiya na ji, irin wadda barci ba ya maganinta. Na rubuta masa, "Yau in sha Allah." Mama da ta leƙo ta karanta ta saman kafaɗata ta sa min albarka, abin da ta daɗe ba ta yi da fara'a haka ba.

A ofis na tarar da Oga da waya biyu a kunne. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ajiye ɗaya.

"Oga, ina son magana da kai."

"In kin dawo. Akwai wata tsohuwa, ta kira mu har 'yan matan amsa waya sun fara ɓuya. Rautarta ta ƙi tashi. Je ki duba, ke kika iya da tsofaffi."

"Maganar tana da muhimmanci."

"Ita ma tsohuwar haka ta ce."

Haka na saɓi jaka, direba ya sauke ni a ƙofar wani gida mai koren ƙyaure da bishiyar lemo ta leƙo ta saman katanga. Ita da kanta ta buɗe min. Doguwa ce, siririya, da farin gilashi da farin mayafi, tana tafiya da sauri kamar wadda ta bar abu a wuta. Ta dube ni tun daga mayafi har takalmi, na shirya jin abin da na saba ji, wato ina namijin da aka turo.

"Ke ce mai gyaran?"

"Ni ce, Hajiya. Ina kwana."

"Lafiya lau. Alhamdulillahi da aka turo mace, ba sai na yi ta neman hijabi ba. Shigo 'yata."

Falon tsaf yake, har na ji kunyar takalmina na cire shi tun daga waje. Kujeru ruwan toka, kowace da farin ƙyalle saƙar hannu a kafaɗarta, labule mai nauyi, kabad ɗin gilashi cike da kofunan da ba a shan komai da su. Rautar tana kan kanta kusa da talabijin, ita ma an shimfiɗa mata nata ƙyallen. Ga wanda bai sani ba, rauta ita ce 'yar akwatin nan mai ƙahoni da ke raba waifai a gida. Idan lafiyarta ƙalau, kana kunna ta fitilar gabanta za ta yi ja, ta koma ruwan lemo, sannan ta zama kore. Wannan ta tsaya a ruwan lemo, ta kafe.

"Haka take wuni," in ji Hajiya. "Na kashe na kunna, na kashe na kunna, har na yi mata addu'a. 'Yata tana ƙasar waje, ta haihu, jikata ta fari ta wurinta. Gidan nan kuma bangonsa kauri, waya ba ta kamawa sai na fita tsakar gida, can ma hoton ya yi ta tsinkewa. Yarinya tana ta girma ban ga motsinta ba."

Na ce kar ta damu, na durƙusa na fara. Na zare duk wayoyin da ke bayanta na bar ta wuta kaɗai, don wani lokaci wata na'urar ce a gidan ke riƙe ta. Na kunna. Ja, ruwan lemo, shiru. Na gwada layin da ya shigo daga waje da abin awona, lafiyarsa lau. Na ciro fil daga mayafina na soka a ɗan ramin da ke bayanta na danne, don ta manta komai ta koma yadda ta fito daga kamfani. Hajiya ta yi dariya ta ce ashe fil ɗin mata yana da wani amfanin. Na sake kunnawa. Ja, ruwan lemo, shiru.

Na zauna dirshan a kan kafet na buɗe kwamfuta, na haɗa ta da rautar don in ga abin da take faɗa wa kanta idan tana tashi. Rubutu ya yi ta gudu a allon, layi bayan layi, komai daidai. Yana zuwa inda za ta kunna waifai sai ya tsaya cik. Na sake, ya sake tsayawa a wurin. Na ce to ko manhajar cikinta ce ta lalace, na ɗora mata sabuwa, na zauna ina kallon ɗan layin yana cika a hankali kamar tulu a bakin famfon da ba ruwa. Ya gama. Na kunna. Wuri ɗaya ta sake tsayawa.

Na kira Oga.

"Canja mata wata kawai," ya ce.

"Akwai a sito?"

"Babu, sai mako mai zuwa. Ki ba ta haƙuri ki taho."

Na ajiye wayar na jingina da kujera. Bayana yana ciwo, idona yana yaji. Na ce a raina, wannan ne aikina na ƙarshe, shi ma ga shi zan tafi na bar shi a kwance. Har na fara tunanin ko Mama ce da gaskiya, me na tsinta a ciki ban da ƙura da ciwon baya? Hajiya ta kawo min ruwa mai sanyi da biskit a faranti, ta zauna a kujerar da ke kusa tana kallona. Kallon nata ne ya hana ni tashi.

Na ce bari in tattara wayoyin in mayar yadda na same su. Na kwanta rub da ciki na zura hannu bayan kanta inda soket yake, sai yatsuna suka taɓa cajar rautar. Zafi rau, kamar an ciro ta daga wuta. Na zare ta na jawo ta haske. Tun a hannu na ji ba ta da nauyin tamu. Na karanta ɗan rubutun jikinta: ƙarfin wutar da take bayarwa bai kai rabin abin da rautar ke buƙata ba. Shi ya sa take fara tashi lafiya, da ta zo kunna waifai, inda take jan wuta da yawa, sai ƙarfi ya ƙare ta daskare. Bakin cajar dai ya shiga ramin daidai, shi ya ruɗi kowa, har da ni da ya kamata in fara dubawa tun farko.

Na juya bayanta. Babu tambarin kamfaninmu. Hoton ganye ne a wurin.

Jama'a, na san ganyen nan. Kullum da shi nake kwana da shi nake tashi.

"Hajiya," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "wannan ba cajarta ba ce. Akwai wanda ya taɓa wurin nan?"

Ta tafa hannu. "Ɗana! Autana. Kwanaki ya zo da wata 'yar fanka fara, ya ce bari ya cika ta da caji kafin ya kai wa yarinyar da yake nema. Ya zare wannan ya sa waccan, da zai fita ya tattara a gurguje. Kin ga kuwa tun ranar ne. Shi da nake ta cewa ya duba min, kullum sai ya ce ba matsala, zai kira kamfani. Da na gaji na nemo lambar da kaina."

Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi bangon da na ba wa baya tun shigowata. Ga Ba-Matsala nan a cikin firam, da rigar kammala karatu, yana wannan murmushin nasa na gefen baki. Ban taɓa zuwa gidansu ba, unguwar kawai na sani. Na cusa hannu cikin jaka kamar mai neman abu. Na lalubo cajar gwaji da nake yawo da ita, na sa wa rautar, na kunna, don in samu abin kallo ban da fuskar matar nan.

"Yarinyar ma a irin kamfaninku take," Hajiya ta ci gaba, ta gyara zama irin na mai jin daɗin hira. "Ya ce a ofis take zaune tana amsa waya. Ban gan ta ba tukuna. Abu ɗaya ne dai bai kwanta min ba."

"Mene ne, Hajiya?"

"Wai ta ajiye aikin. Da kanta, wai ta gaji, gida take so ta zauna. Na ce masa kai, yarinya da ƙuruciyarta? Ni nan da kike gani ungozoma ce, a asibiti na tsufa. Da goyo na yi aikin kwana, babansu bai taɓa ce min don me ba, Allah Ya jiƙansa. Da wannan aikin na riƙe su bayan ya rasu. Na ce ka gaya mata ta koma, mace ba ta wasa da abin hannunta. Ya ce ya yi ya yi ta ƙi." Ta taɓe baki. "Ni dai ina tsoron raguwar mace. Da irinki ya samo min, mai zama a ƙasa ta yi ta fama da abu har sai ya yi, ai da na yi barci."

Ban san me fuskata ta nuna ba. Abin da na sani, watannin nan duk na yi su ne ina jin haushin matar nan. Na sha raya ta a zuciyata, mai kumburarriyar fuska da kaifin baki, har na tanadi irin gaisuwar da zan riƙa yi mata daga nesa. Ashe ita tana nan tana yi min faɗa a bayan idona, faɗan da uwata ma ba ta yi min ba. Kuka ya taso min, na haɗiye shi da ruwan sanyin da ta ba ni.

Ja. Ruwan lemo. Na riƙe numfashi. Kore.

"Ta tashi!" Hajiya ta miƙe tsaye. Wayarta da ke kan hannun kujera ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa, saƙonnin da suka taru suna shigowa. Na saita mata komai, ta danna kiran 'yarta. Sai ga fuska ta cika allon, sai ga wata 'yar mitsitsiya cikin farin tawul tana hamma tana dunƙule hannu. Hajiya ta cire gilashi ta goge ido ta mayar. "Kai, kai, kai. Ga hancin babanku nan. Juyo min da ita." Ta yafito ni da hannu. "'Yata zo ki gani, zo ki ga abin da kika yi min."

Na leƙa na yi barka. Ina naɗe wayoyina ke nan na ji an buɗe ƙyaure, na ji ƙarar motar da na fi sanin ƙararta fiye da ta kowa. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya yi sallama, farar shadda a jikinsa ko lanƙwasa babu, makulli yana lilo a yatsa. Ya gan ni a durƙushe kan kafet ɗin uwarsa, da rigar kamfani, da ƙura a gwiwa. Makullin ya daina lilo.

"Yauwa, ga mai laifin," in ji Hajiya, ta kife wayar a ƙirji. "Zo ka ga yarinyar kirki. Abin da ka kasa yi min, ta zauna a ƙasa ta yi. Ashe cajar fankarka ka bar mana, ka kai wa budurwarka tamu. Ba za ka gaishe ta ba?"

Na dube shi. Wallahi ko a lokacin, da ya buɗe baki ya ce Hajiya ai ita ce, da wataƙila na nemo masa uzuri, don na saba. Na ba shi dama. Ya dubi uwarsa, ya dubi takalmina da ke bakin ƙofa, ya gyara wuyan riga.

"Sannu da aiki, Malama," ya ce. "Mun gode."

Malama.

Ya zaro waya ya juya gefe kamar an kira shi. Tawa ta yi ƙara a aljihun riga. Na duba.

"Don girman Allah ki rufa min asiri. Zan miki bayani. Ba matsala."

Na mayar da ita aljihu. Na zuge jakata a hankali, na miƙe, na kakkaɓe gwiwa. Gajiyar da na tashi da ita tun safe na neme ta na rasa.

"Hajiya, wannan cajar da na sa ta gwaji ce, ta kamfani, ba zan iya bar miki ita ta zauna ba. Amma ki riƙe zuwa gobe."

"To, tamu kuma fa? Sai ya je ya karɓo wurin yarinyar ke nan."

"Ba sai ya wahala ba," na ce. "Tana ɗakina, a jikin fankar. Gobe in na fito aiki zan biyo in kawo miki da kaina."

Jaririyar ta tsala kuka daga cikin wayar, babu wanda ya kula ta. Hajiya ta sauke gilashinta zuwa kan hanci. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya ta dubi autanta.

"'Yata, ajiye jakar nan ki zauna," ta ce, ba ta ɗauke ido daga kansa ba. "Kai kuma rufe min ƙofa."